An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Abin da Ke Jinkirta Ayyukan Muhalli a Najeriya

Duk lokacin da ambaliya ta ci gari, ko zaizayar ƙasa ta raba unguwa gida biyu, ko rairayi ya binne gonaki, magana ɗaya ake ji daga bakin 'yan siyasa da 'yan kwangila, har da masu sharhi a gidajen rediyo: wai ƙa'idojin bayar da kwangila sun yi yawa. Sai an tallata aiki a jarida, sai an jira makonni, sai an tantance kamfanoni, sai hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin gwamnati ta ba da takardar amincewa, kafin nan ɓarna ta riga ta auku. Maganin da suke kawowa kuwa shi ne a sassauta. A bar minista ko shugaban hukuma ya zaɓi wanda ya sani ya miƙa masa aiki, a saki kuɗin tallafi ba tare da dogon bincike ba.

Maganar tana da daɗin ji, shi ya sa ta samu karɓuwa har a wajen talakan da ruwa ya ci gidansa. Amma kuskure ce, kuma kuskure mai tsada. Wanda ya bi tarihin manyan ayyukan muhalli na ƙasar nan zai ga cewa shekarun da aka ɓata ba a teburin tantance ɗan kwangila aka ɓata su ba. An ɓata su ne ana jiran sa hannun manya da sakin kuɗi daga baitulmali.

Labarin garin Bagega ya isa hujja. A farkon 2010 aka gano cewa yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Masu haƙar zinare na kawo duwatsu cikin gida, ana daka su a turmi ko a niƙa su a injin da ake niƙa hatsi, ƙura ta tashi ta kwanta a tsakar gida, a kan tabarma da kwanon abinci. Cikin ƙurar nan akwai gubar dalma. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, kwana kaɗan sai amai, sai farfaɗiya, sai ajali. Aƙalla yara 400 ne suka rasu, dubbai kuma suka kamu.

Aikin da ake buƙata ba ɓoyayye ba ne. Ana kankare ƙasar saman tsakar gida da ta ɗakuna, a kwashe ta a buhuna a kai ramin da aka tanada, a zuba sabuwa mai tsabta, a sake aunawa da na'ura. Haka aka yi a ƙauyuka bakwai, ciki har da Dareta, 'Yargalma, Abare da Sunke, tsakanin 2010 da 2011, da jagorancin injiniyoyin kamfanin TerraGraphics na Amurka tare da ma'aikatan jihar Zamfara. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuma suna biye da maganin da ke fitar da gubar daga jini. Bagega, wadda ta fi sauran girma, ita aka bari. Likitocin ba za su iya fara ba yaranta magani ba sai an share garin, domin yaron da aka wanke masa jini ya koma cikin ƙurar, aikin banza aka yi.

Me aka tsaya jira? An san masu iya aikin, an san yadda ake yin sa, an san kuɗinsa. A watan Mayun 2012, a wani taro da aka yi a Abuja, MSF ta roƙi gwamnatin tarayya ta saki naira miliyan 850 da ta daɗe da yin alkawari. Damina ta zo ta wuce, kaka ta wuce, shiru kake ji. Sai da Hamzat Lawal da abokan aikinsa na shirin Follow The Money suka tayar da gangami a kafafen sada zumunta, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka sa baki, sannan gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗi a ƙarshen Janairun 2013. Da kuɗin suka fito, cikin 'yan watanni aka share Bagega, likitoci suka fara duba yara. Yara kusan 1,500 ne suka zauna cikin haɗari duk tsawon wannan lokaci, kuma babu rana ɗaya daga ciki da za a ce tallata kwangila a jarida ce ta cinye ta. A 2015 irin wannan masifa ta faɗa wa Shikira da ke ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka rasu, aikin share garin kuma bai kankama ba sai a shekarar da ta biyo baya.

To, me ke faruwa idan aka yi wa tantancewar riƙon sakainar kashi? Amsar tana ƙasar Ogoni a jihar Ribas. A watan Agustan 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta miƙa wa gwamnati rahotonta kan ɓarnar da malalar mai ta yi. A Nisisioken Ogale ta tarar mutane na shan ruwan rijiyar da sinadarin benzin mai haddasa cutar daji ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Ta ce gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ta ba da shawarar a fara da dala biliyan ɗaya a shekaru biyar na farko. Ba a ƙaddamar da aikin ba sai a watan Yunin 2016, lokacin da Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya je Bodo. 'Yan kwangilar farko kuma ba su shiga fili ba sai a farkon 2019.

Shekara bakwai da ɗoriya ke nan. Wanda ya yarda da masu cewa bincike ne ke cin lokaci zai ɗauka cewa bayan wannan dogon jira, ƙwararrun ƙwararru hukumar HYPREP mai kula da aikin ta zaɓo. Binciken jaridar Premium Times a 2019 ya nuna cewa cikin kamfanonin da suka samu aikin akwai waɗanda aka yi wa rajista don kiwon kaji, sayar da motoci da cinikin yadi. A watan Yunin 2020 ƙungiyar Amnesty International da wasu ƙungiyoyin kare muhalli suka fitar da rahoton da ya ce 11 daga cikin kamfanoni 16 na farko ba su da shaidar ƙwarewa a aikin tsabtace ƙasar da mai ya gurɓata, kuma kashi 11 cikin ɗari kacal na wuraren aka fara taɓawa. A ƙarshen 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya wallafa wasu takardun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke cewa 21 daga cikin 'yan kwangila 41 da aka duba ba su da gogewar da ta dace. HYPREP ta musanta zarge-zargen, ta ce aiki na tafiya. Abin da ba a musanta ba shi ne UNEP ta kawo ƙarshen tallafin ƙwarewar da take bai wa aikin a 2023.

Ogoni ta haɗa masifa biyu: jinkiri na shekaru, da zaɓen 'yan kwangila na ganin ido. Wannan kaɗai ya rusa da'awar cewa dole a sayar da tantancewa kafin a sayi sauri. Kuma aikin muhalli ba kamar titi ba ne da kowane direba zai ga ramukansa. Ɗan kwangila na iya tono gurɓatacciyar ƙasa, ya juya ta, ya baje, ya shuka ciyawa a kai, a zo a yanke kirtani a tafa. Gubar tana nan a ƙasa tana tsiyaya cikin ruwan rijiya, sai bayan shekaru a ga sakamakonta a jikin mutane. A irin wannan aiki, ranar da aka zaɓi wanda zai yi shi ita ce ranar da aka yanke hukuncin ko zai yi kyau ko zai lalace.

Ko a Amurka, inda ake da ma'aikata da kotuna masu ƙarfi, gaggawa ta nuna halinta. Dokar da aka sa wa hannu a watan Agustan 2022 ta ware dala biliyan 27 don rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, ta kuma gindaya wa hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, wa'adin ƙarshen Satumban 2024 ta gama raba kuɗin. Hukumar ta raba dala biliyan 20 ga ƙungiyoyi takwas kacal, aka ajiye kuɗin a bankin Citibank. Da gwamnati ta sauya, sabon shugaban hukumar, Lee Zeldin, ya kafa hujja da wannan gaggawar. Aka rufe asusun, a watan Maris na 2025 ya soke tallafin baki ɗaya. Mai shari'a Tanya Chutkan ta ce hukumar ba ta gabatar da shaidar almundahana ba, amma duk da haka magana ta koma hannun lauyoyi, ayyukan da aka tsara suka tsaya. Sauri ya haifi nawa.

Masu neman a sassauta za su ce akwai lokutan da jira halaka ne, kuma gaskiyarsu. Sai dai Dokar Bayar da Kwangiloli ta 2007 ta riga ta tanadi hanyar gaggawa idan bala'i ya auku, da sharaɗin a yi bayani a rubuce daga baya. Tallata aiki da suke kuka da shi makonni ne kawai. Dokar nan kuma ta ce kuɗin ɗan kwangilar da ya wuce kwana 60 ba a biya ba bayan an tabbatar da aikinsa ya zama biyan da aka jinkirta, kuma gwamnati za ta biya ƙari a kansa. Wannan sashe ne ake takewa kullum, ba a kuwa ji masu kiran a yi sauri suna ambatonsa. A 2025 Majalisar Tarayya ta tsawaita wa'adin aiwatar da manyan ayyukan kasafin 2024 har zuwa ƙarshen shekarar, 'yan kwangila na cikin gida kuma suka yi ta zanga-zanga a Abuja kan kuɗin ayyukan da suka gama ba a biya su ba.

Illar wannan a fili take. Kamfanin kirki mai injiniyoyi da kayan awo, wanda ke biyan albashi duk wata, ba zai iya jiran shekara ba a biya shi ba, don haka sai ya daina neman aikin gwamnati. Wanda ke zama shi ne mai ubangida a ma'aikata, wanda ya san yadda fayil ɗinsa zai tsallake layi, ya karɓi kafin alƙalami ya yi ɓatan dabo. Idan aka zo aka cire tantancewa a kan haka, fili aka share masa.

Ga Arewa maganar ta fi zafi, domin ayyukan muhallinta damina ce ke yanke musu wa'adi. Hukumar Babbar Katangar Bishiyoyi da aka kafa da doka a 2015 tana aiki a jihohi 11, daga Kebbi da Sakkwato har zuwa Borno da Adamawa. Shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace kuma, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a ƙarshen 2021, ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Duk mai renon dashe ya san tsarin: tun da rani ake cika ledoji da ƙasa da taki, a shuka irin darbejiya ko dakwara, a yi ta ban ruwa safe da yamma, domin su isa dasawa idan ruwa ya zauna. Kuɗin da ya kamata ya fito a watan Fabrairu idan ya fito a Oktoba, ko dai a haƙura sai baɗi, ko a dasa a busasshiyar ƙasa don a cika takarda, hunturu da awaki su ƙarasa sauran. A kasafi za a rubuta an dasa bishiya kaza, a fili kuwa sai ramuka.

Saurin da ake buƙata yana nan, amma a wani wuri daban yake. Ma'aikatar Muhalli da hukumominta su tantance kamfanoni tun kafin buƙata ta taso, a je a ga ofisoshinsu da ma'aikatansu da ayyukan da suka taɓa yi, a buga sunayen waɗanda suka cancanta kowa ya gani. Idan bala'i ya zo, daga cikin wannan jeri za a zaɓa cikin kwanaki. Kowane teburi da fayil ke bi, daga darakta zuwa babban sakatare zuwa ofishin Akanta Janar, a yanka masa kwanakin da ba zai wuce ba, a rubuta ranar shiga da ranar fita a shafin intanet, domin a san wanda ya danne shi. Kuɗin dashen itatuwa da yashe magudanan ruwa a sake su a watanni ukun farko na shekara. A ɗauki masana ƙasa da ruwa aiki na dindindin, a ba su ɗakunan gwaji, yadda ba za a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe ba sai awo ya tabbatar da aikin. Wanda awo ya wanke kuma a biya shi cikin kwana 60 ɗin da doka ta ce.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar a soke ƙa'ida ko ɗaya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya rubuta wa hukuma ya tambayi wa aka ba aiki, nawa aka biya shi, kuma yaushe, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. 'Yan jarida da ƙungiyoyin matasa da masu unguwanni a garuruwan da waɗannan ayyuka suka shafa su yi amfani da ita. 'Yan majalisar da ke kwamitocin muhalli kuwa, duk jami'in da ya zo musu da roƙon a ɗage masa tantancewa, su buƙaci ya fara ajiye musu jerin fayilolin da ke ofishinsa, da ranar da kowanne ya iso teburinsa.