Wa Zai Wanke Gawar Ɗan Boko?

A kowace unguwa ta Musulmi a ƙasar Hausa akwai wasu bayin Allah ƙalilan waɗanda ba a tunawa da su sai ranar da aka yi rashi. Su ne dattijon da ya iya wankan gawa, da tsohuwar da ake tasowa tsakar dare idan mace ce ta rasu, da masu haƙar kabari da ke zaune a bakin maƙabarta suna jiran ɗan abin da Allah ya hore. Yawancinsu talakawa ne, kuma yawancinsu sun manyanta. Abin da ke damuna shi ne mu da muka yi karatun boko muka kama aikin ofis mun sakar musu wannan aiki gaba ɗaya, tamkar dai an ɗauke mana shi tun ranar da aka miƙa mana takardar shaidar digiri.

Abin da ya ƙara zaburar da ni kan wannan batu shi ne tsarin wani coci na Amurka, wanda aka fi sani da cocin Mormon, ko da yake tun 2018 shugabanninsa suka nemi a daina kiran su da wannan suna. Joseph Smith ne ya kafa shi a 1830, hedikwatarsa kuma tana birnin Salt Lake a jihar Utah. Sai a watan Yunin 1978 cocin ya janye dokar da ta hana baƙar fata riƙe muƙamin limanci, dokar da ta zama tabo a tarihinsa. A watan Nuwamban wannan shekarar 'yan mishan na farko suka iso Nijeriya: Rendell Mabey, wanda lauya ne, da matarsa Rachel, tare da Edwin Cannon da matarsa Janath. Mutumin farko da suka yi wa baftisma shi ne Anthony Obinna, malamin makaranta daga yankin Mbaise na jihar Imo, wanda ya daɗe yana aika wasiƙu Amurka yana roƙon a zo. Shi aka ba shugabancin ƙaramin reshen da aka buɗe a ƙauyensu, matarsa Fidelia kuma aka ba ta ƙungiyar agaji ta matan reshen. A 2005 suka buɗe babban ɗakin ibadarsu a Aba.

Ba aƙidarsu ce ta kawo ni ba. Tsakaninmu da su a nan akwai tazara mai faɗi, kowa kuma ya san inda ya tsaya. Yadda suke raba aiki ne ya ja hankalina. A rassansu babu limamin da ake biya albashi. Shugaban reshe yana iya zama akanta ko direba, da rana yana wurin neman abincinsa. Samari suna fita aikin mishan na shekara biyu, 'yan mata wata 18, akasari da kuɗin iyalansu, sannan akwai ma'aurata da suka yi ritaya waɗanda ke barin jikokinsu su tafi inda aka tura su. Idan aka yi rasuwa a reshen da jama'arsa ba su da yawa, babu wanda za a ce wannan aikinsa ne shi kaɗai. Shugaban reshe ya jagoranci addu'a, ƙungiyar mata, wadda asalinta ke komawa 1842, ta dafa wa masu makoki abinci, maza su suturta namiji, mata su suturta mace, kuma ba a karɓar ko sisi a kan hidimar. Ɗan mishan da ya bar kujerar lauya ko ta likita a ƙasarsu sai ka same shi yana jera kujeru yana ɗaukar akwatin gawa. Ƙarancin jama'a ne ya tilasta musu, gaskiya ne, amma sun mayar da tilas ɗin ya zama tarbiyya.

Mu kuwa yawanmu ne ya zame mana wurin ɓuya. Malamai sun karantar da mu cewa wankan mamaci da yi masa likkafani da sallatarsa da binne shi farilla ce ta kifaya: idan wasu suka yi, ta faɗi a kan saura. Mun riƙe wannan rabin da kyau. Ɗaya rabin, cewa idan aka rasa mai yi kowa ya shiga cikin zunubi, shi ne ba ma son ji. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda da yawanmu muka karanta a zaure kafin mu san hanyar jami'a, tana da babi guda a kan haka: yadda ake wanki witiri, da ganyen magarya, da sanya kafur a wankin ƙarshe, da adadin ƙyallayen likkafani. Mutum nawa ne a cikinmu, daraktoci da manyan sakatarori da malaman jami'a, za su iya tsayawa a kan gawar mahaifinsu su yi wannan da hannunsu ba tare da an aika neman wani ba?

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce ai ana biyan masu yi, kuma ta nan suke samun na cefane, don haka karɓe aikin daga hannunsu cuta ce. Ban ce a karɓe ba. Amma duk wanda ya taɓa ganin abin da ake damƙa wa mai haƙar kabari bayan ya sha rana yana fama da ƙasa mai tauri ya san ba biya ba ne, sallama ce kawai. Sannan shekarar 2020 ta nuna mana iyakar wannan tsari. A watan Afrilun wannan shekara, lokacin annobar korona, masu haƙar kabari a Kano ne suka fara sanar da duniya cewa gawarwaki sun fi ƙarfinsu, tun kafin hukuma ta yarda akwai matsala. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce binciken gwamnati ya ƙirga mutuwar mutum 979, kuma fiye da rabi na iya kasancewa da alaƙa da cutar. Birni mai miliyoyin mutane ya jingina farillarsa a kan 'yan tsirarun talakawa da diga da shebur.

Mu da ke zaune a Gwadangaji ya kamata abin ya fi taɓa mu. Tun da aka ƙirƙiri jihar Kebbi a 1991 Birnin Kebbi take faɗaɗa, ma'aikata suka yi ta tarewa a kewayen sakatariya daga Argungu da Yauri da Zuru da Jega. Mutumin da ke tsohuwar unguwa a Argungu ya gaji mai wanka da liman da maƙwabtan da suka san kakansa. Ma'aikacin da ya gina gida mai katanga da ƙofar ƙarfe a sabuwar unguwa bai gaji kowa ba, sau da yawa ma bai san sunan na kusa da shi ba. A irin wannan wuri kowannenmu ɗan ƙaramin reshe ne, ko da masallacin ya cika ranar Juma'a. Halin maƙwabtanmu Kiristoci da aiki ya kawo daga nesa ya ma fi namu tsanani, domin wani lokaci sai an yi doguwar tafiya da gawa kafin a kai ta ga danginta. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar wani Bayahude. Aron mota ko tsayawa a karɓi takardar asibiti ga maƙwabci bai kai haka nauyi ba.

Abin da nake nema ba ya buƙatar kasafin gwamnati. Kwamitin kowane masallacin unguwa ya roƙi liman ya ware wasu Asabar a shekara a koyar da wankan gawa a aikace, maza daban, mata daban, tsofaffin da suka iya su zama malamai kuma a biya su hakkin koyarwa. A rubuta sunayen waɗanda suka koya da lambobin wayarsu a ajiye wurin liman. A tanadi likkafani da makara da itacen kabari tun kafin buƙata, masu haƙa kuma a yanka musu abin wata daga asusun masallaci maimakon jiran ranar mutuwa. Masu ritaya, waɗanda ke da lokaci da sauran ƙarfi, su ya kamata a fara gani a sahun farko na masu koyo, kuma sunan babban sakatare ya zo a takarda ɗaya da na masinjansa.