Talla A Facebook: Kuɗi Na Fita, Ciniki Fa?

Daga Wakilinmu

A cikin 'yan shekarun nan an sami babban sauyi game da yadda 'yan kasuwar ƙasar nan ke tallata hajarsu. A da, mai kaya ya kan nufi gidan rediyo ko ofishin jarida, ko kuwa ya sa a kafa masa allo a bakin hanya. Yanzu kuwa, tun daga mai sayar da atamfa a Kantin Kwari har zuwa matar aure mai haɗa turaren wuta a cikin gidanta a Maiduguri, kowa ya karkata ga wayar hannu, yana biyan Facebook ko Instagram ko TikTok kuɗi domin a nuna kayansa ga mutanen da bai taɓa gani ba. Ma'aikatan gwamnati masu ɗan taɓa kasuwanci don cike giɓin albashi, da ɗalibai masu neman na kashewa, su ma ba a bar su a baya ba.

Wannan harka ba ƙarama ba ce. Kamfanin Meta, wanda ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, ya sami kuɗin shiga fiye da dala biliyan 164 a shekarar 2024, kuma fiye da biliyan 160 daga ciki kuɗin talla ne. Ba manyan kamfanoni kaɗai suka zuba wannan dukiya ba, har da miliyoyin ƙananan 'yan kasuwa a duniya, waɗanda kowannensu ke biyan ɗan abin da ya sawwaƙa. Shi dai kamfani ya san ribarsa. Abin tambaya shi ne, shin ɗan kasuwarmu ya san tasa?

Kafin a amsa, ya kamata mai karatu ya fahimci yadda a ke sayar da wannan talla, domin ta sha bamban da ta jarida. A jarida farashi a yanke ya ke, rabin shafi kaza, cikakken shafi kaza. A Facebook kuwa gwanjo a ke yi. Duk lokacin da mutum ya buɗe wayarsa, na'urar kamfanin ta kan tara dukkan masu tallar da ke son isa gare shi, ta auna abu uku: kuɗin da kowanne ya taya, da yiwuwar mutumin zai aikata abin da mai tallar ke so, da kuma ingancin tallar kanta. Wanda jimlarsa ta rinjaya, tallarsa ce za ta bayyana. Saboda haka tallar da jama'a ba su kula ta ba ta fi tsada, kuma farashi ya kan hau a lokacin da masu taya suka yi yawa, kamar gab da Sallah.

A nan ne yawancin mutanenmu ke yin asara ba tare da sun sani ba. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya danna maɓallin nan da ke ƙarƙashin hotonsa mai cewa a yaɗa shi, ya biya, ya koma gefe yana jira. Ita kuwa na'ura abin da aka roƙe ta shi ta ke bayarwa. In an ce mata ana son mutane su yaba hoto, za ta nemo gwanayen yabo, waɗanda ke wuni suna danna alamar so a kan duk abin da ya gifta, ko da kuwa ba su da niyyar sayen allura. Washegari mai kaya ya ga mutum dubu biyar sun yaba, ya yi ta murna, alhali ko ƙyalle bai fita daga shago ba. Wanda ke son ciniki tilas ne ya faɗa wa na'urar haka tun farko, watau ya zaɓi tallar da manufarta ita ce a aiko masa da saƙo ko a yi odar kaya. Irin tallar nan da ke kai mutum kai tsaye cikin WhatsApp ɗin mai kaya ta fi dacewa da yadda mu ke ciniki, tun da mutanenmu ba sa saye sai sun yi tayi.

Amma ko yawan saƙo ba shi ne ma'auni ba. Alal misali, a ɗauka wata mai sayar da atamfa ta kashe Naira 50,000 a mako guda. Tun ranar 1 ga Janairu, 2022 Meta ke ɗora harajin kashi 7.5 cikin 100 a kan tallar masu biya daga Nijeriya, don haka abin da ya fita daga hannunta Naira 53,750 ne. A ce mutum 100 suka yi mata magana, 10 suka saya. Ke nan kowane mai saye ya ci mata Naira 5,375. In ribarta a kan turmi Naira 3,000 ce, kuma kowa turmi ɗaya ya ɗauka, to ta faɗi da Naira 23,750, ko da ya ke wayarta ba ta huta da ƙara ba duk makon. In kuwa rabin mutanen nan za su komo su sake saye sau biyu ko uku kafin shekara ta ƙare, ba tare da an sake biyan talla dominsu ba, lissafin ya sauya. Wannan ɗan lissafi, wanda ɗan firamare zai iya yi, shi ne abin da galibin masu talla ba sa zama su yi, kuma a ganina shi ne tushen gyara duka.

Kada a ɗauka ƙananan 'yan kasuwa ne kawai ke faɗawa wannan rami. Kamfanin Procter & Gamble na Amurka, ɗaya daga cikin mafiya kashe kuɗin talla a duniya, ya rage kimanin dala miliyan 200 daga tallarsa ta intanet a shekarar 2017, ya kuma bayyana cewa hakan bai cutar da kasuwancinsa ba. Ashe wani ɓangare na kuɗin a banza ya ke tafiya. Hanyar da za a gane hakan a buɗe ta ke ga kowa: a dakatar da talla na mako biyu, ko a bar ta a gari ɗaya a tsai da ita a wani, sa'an nan a duba littafin ciniki. In ba a ga bambanci ba, to ana biyan kuɗi ne a kan mutanen da da ma za su saya.

Littafin cinikin nan ya ƙara muhimmanci tun watan Afrilu na 2021, lokacin da kamfanin Apple ya wajabta wa manhajoji neman izinin masu wayar iPhone kafin su bi diddiginsu. Jama'a da yawa suka ƙi, har Meta ta ce matakin zai rage mata kimanin dala biliyan 10 a shekarar 2022. Tun daga nan alƙaluman da kamfanin ke nuna wa mai talla suka ƙara dogara ga kintace. Ga shi kuma cinikinmu ya kan ƙare ne a cikin hira da tura kuɗi ta banki, inda na'urar ba ta gani sosai. Tambayar kowane mai saye inda ya ga kayan, da rubuta amsarsa, ya fi wa ɗan kasuwa amfani bisa ga dogon jadawalin da ke cikin wayarsa. (Masu iPhone su lura kuma: tun 2024 wanda ya biya kuɗin yaɗa hoto daga cikin manhajar wayar ana ɗora masa ƙarin kashi 30 cikin 100 na Apple, alhali in ya biya ta shafin kamfanin a intanet babu wannan ƙari.)

Wata matsalar ita ce gaggawa. Meta da kanta ta bayyana cewa na'urarta na bukatar kimanin sakamako 50 a cikin mako guda kafin ta gama koyon irin mutanen da suka dace da talla, kuma duk wani babban sauyi da aka yi na mai da ita farko. Mai ɗan jari da ya rarraba kuɗinsa a kan talla shida, yana kuma sauya su kowace safiya, bai bar ko ɗaya ta nuna ƙarfinta ba. Gara ya tsaya a kan biyu, masu bambanci a abu guda kawai, kamar a yi ɗaya da Hausa ɗaya da Turanci, ya ba su kwanaki, ya riƙe wadda ta fi kawo kuɗi. Haka nan babu dalilin da zai sa mai sayar da abinci a Zariya ya biya a nuna tallarsa a Fatakwal.

Bayan duk wannan, akwai abin da kuɗi ba sa saye. Mutumin da ya aiko da saƙo da azahar, aka amsa masa bayan isha'i, ya riga ya saya a wani wuri. Bugu da ƙari, 'yan damfara sun ɓata wa masu gaskiya suna, har jama'a na ɗari-ɗarin tura kuɗi ga wanda ba su sani ba. Tallar da ta faɗi farashi a fili, ta nuna ainihin kayan da inda shagon ya ke, ta kan rage wannan tsoro, ta kuma sallami masu tambayar "nawa ne" don nishaɗi.

Ta fuskar doka ma akwai abin lura. A shekarar 2022 aka kafa Hukumar Kula da Harkokin Talla ta Nijeriya, watau ARCON, a madadin tsohuwar APCON ta 1988, kuma dokarta ta tanadi a tantance talla kafin a nuna wa jama'a, har da ta intanet. A watan Oktoba na shekarar 2022 hukumar ta kai ƙarar Meta tana neman Naira biliyan 30 bisa zargin nuna tallar da ba a tantance ba. Masu tallar magunguna da kayan gyaran jiki, waɗanda suka cika shafukan Hausa da alkawuran warkar da kowace cuta, su sani cewa izinin NAFDAC ma wajibi ne a kansu. Sai dai ya kamata hukumomin su sauƙaƙa hanya da kuɗin tantancewa ga mai ƙaramin jari, in ba haka ba dokar za ta tsaya a kan takarda.

Waɗanda suka ɗora kasuwancinsu kacokan a kan dandali ɗaya kuwa sun ga abin da ya faru lokacin da Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, da kuma ranar 4 ga Oktoba, 2021 da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke na kimanin sa'o'i shida. Wanda ya tara lambobin masu sayen kayansa yana iya kiransu ko da dandali ya rufe, muddin ya karɓi lambobin da yardar masu su, kamar yadda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta bukata.