Mu Ne Muke Kai Su Gidan Mari, Mu Ne Kuma Muke Fara Salati

Kwana biyu kun ji ni shiru, hidimomi ne suka yi yawa. Abin da ya fito da ni yau wata magana ce da aka yi a majalisarmu bayan sallar Isha'i a makon jiya, wadda har yanzu take ci mani rai.

Wani dattijo ne a cikinmu, mutumin kirki wanda muka shekara fiye da ashirin muna sahu ɗaya da shi, ya ce ɗansa ya fi ƙarfinsa, ko akwai wanda ya san "gidan mari mai kyau" a can gida? Wallahi kafin ya rufe baki mutum uku sun ba shi kwatance. Wannan ya ce akwai wani a ƙauyensu, wancan ya ce ai nasu malamin ya fi zafi, wata shida kacal yaro zai dawo kamar an sake haihuwarsa. Da na ce kada a yi haka, sai aka yi mani ca, wai na zama ɗan boko, wai ban san zafin ɗa ba. To na san shi. Bari in faɗa maku yadda aka yi na san shi, duk da cewa abin kunya ne a gare ni.

A shekarar 2017 ɗan ƙanwata, yaro mai shekara 19 da ke acaɓa a nan bakin titin Lakwaja, ya faɗa shan kodin da tiramadol. Ya sayar da wayar uwarsa, ya sayar da buhun masara, rannan har ya ɗaga wa ubansa hannu. Muka zauna muka yanke shawara. Ni da kaina na ce masa ya shirya za mu ɗaurin aure a gida, ya sa sabuwar shaddarsa yana murna, muka yi tafiyar yini guda. Ba zan faɗi garin ba, ba kuma zan faɗi sunan mai wurin ba. Muka biya kuɗin abinci na wata shida, aka ba ni takarda na sa hannu ban ma karanta ba. Sharaɗi ɗaya aka kafa mana: kada kowa ya zo ziyara sai an kira mu, don kada a ɓata aiki. Mai karatu, in gaya maka gaskiya wannan sharaɗi daɗi ya yi mana. Mun huta. Unguwa ta daina nuna mu da baki.

Sai da ya yi wata takwas sannan na koma, shi ma don uwarsa ta hana ni sakat ne, kullum sai ta ce, "Yaya, na yi mafarkin yaron nan." Aka fito da shi yana tafiya kamar agwagwa, don ƙafafunsa sun saba da tazarar mari. Idon sawunsa duka biyu gyambo ne yana ruwa. Jikinsa duk ƙazuwa, bayansa shatar dorina, sabuwa a kan tsohuwa. Daga baya ya gaya mani cewa su fiye da talatin ne a ɗaki guda, da bokiti ɗaya na bahaya, ana kulle su daga Magariba har wayewar gari. A cikinsu akwai mai taɓin hankali da ke magana shi kaɗai, akwai ɓarawo riƙaƙƙe, akwai yaro ɗan shekara goma da laifinsa kawai gudun makaranta. Bai yi kuka ba da ya gan ni. Kallona ya yi ya ce, "Kawu, da saninka aka yi mani wannan?" Har yau ban ba shi amsa ba.

Shekara biyu bayan haka sai duniya ta ga abin da na gani. Ranar 26 ga Satumba, 2019, 'yan sandan Kaduna suka kai samame wani gida a Rigasa, suka fito da mutum fiye da 300, manya da ƙananan yara, da yawa da sarƙa a ƙafa, har da 'yan Burkina Faso da Mali da Gana. Aka kwashe su zuwa sansanin alhazai na Mando. A watan Oktoba aka buɗe wani a Daura, mahaifar shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, aka samu mutum 67 bayan wasu da yawa sun riga sun tsere. Aka buɗe wani a cikin birnin Katsina, aka sake buɗe wani a Rigasar aka fito da 147, har da mata. Aka buɗe a Zariya. Kada wani ya ce abin na Hausawa ne kaɗai, domin an buɗe a Ilori, a watan Nuwamba kuma aka fito da mutum 259 a Ibadan. Gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe irin waɗannan wurare a jiharta.

Na tuna yadda muka yi a majalisa lokacin. Waya na yawo daga hannu zuwa hannu, ana kallon hotuna ana salati, ana Allah wadai da malaman. Ni dai na sunkuyar da kai. Wa ya kai su? Aljanu ne suka ɗauke su daga ɗakunan iyayensu? Mu ne. Mu muka yi masu ƙaryar ɗaurin aure, mu muka biya kuɗi, mu muka sa hannu. Kuma mu da ke zaune nesa da gida laifinmu ya fi na kowa, domin wanda ke Tudun Wada ko Fagge yana iya hawa babur ya leƙa ɗansa ranar Juma'a, mu kuwa sai mu tura yaro tafiyar yini guda mu juya baya. Nisan shi ne abin da muke saye da kuɗinmu. Muna zaune cikin Gwarawa da Ganagana da Bassa, ba ma so a ce ɗan Bahaushe ya lalace, sai mu ɓoye shi inda ido ba ya kai wa. Mun fifita sunanmu a kan ƙafar yaro.

Na san abin da za a ce mani, don an riga an faɗa mani a fuska. Za a ce ai wane an kai shi mari ya shiryu, ga shi nan yana limanci. Na yarda akwai irinsu. Amma wa ya ƙirga waɗanda suka fito suka koma ƙwaya da ƙarfi fiye da da? Wa ya ƙirga waɗanda aka aiko wa iyayensu cewa zazzaɓi ya kashe su, an riga an yi jana'iza? Babu rajista, babu likita, babu mai zuwa dubawa. Wurin da ba a rubuta wanda ya shiga ba, yaya za a san wanda bai fito ba? Nawa yaron ko wata biyu bai yi da dawowa ba ya koma ruwa, ga kuma sabuwar cuta da ya zo da ita: ba ya barci, ko ƙarar kwano ya ji sai ya zabura.

Za a kuma ce addini nake zagi. Subhanallahi. Babu mai jayayya da addu'a da tofi da karatun Alƙur'ani, ni ma allo na fara riƙewa kafin fensir. Amma a nuna mani inda shari'a ta ba wani malami, wanda ba alƙali ba kuma ba hukuma ba, ikon ɗaure baligi shekara guda ba tare da an saurari bakinsa ba. A nuna mani inda aka halatta kwantar da yaro ƙarami ɗaki ɗaya da ƙarti a kulle ƙofa ta waje. Da yawa daga cikin waɗanda aka fito da su a 2019 sun faɗa wa 'yan jarida cewa an yi lalata da su. Wannan ne tarbiyyar da muka biya?

Sannan akwai abin da ba mu fahimta ba game da ita ƙwayar. Wanda jikinsa ya saba da kodin ko tiramadol, idan aka yanke masa rana ɗaya, zai yi ta amai da gudawa da gumi da ciwon gaɓoɓi, ruwan jikinsa ya ƙare. Shi tiramadol ma yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. A asibiti ana lura da mutum a wannan hali, a ba shi ruwa da magani. A gidan mari sai a ce aljaninsa ne ya tashi ko iskanci yake yi, a ƙara masa bulala. Shi kuwa mai taɓin hankali na gaske, akwai maganin da ke kwantar da ciwonsa har ya koma kasuwa ya ci gaba da sana'a, dorina ba ta taɓa yin wannan aikin ba. Ku kuma yi tunanin gobara ta tashi da tsakar dare a ɗakin da mutum talatin ke ɗaure, makulli yana aljihun wani da ya tafi gida.

Gwamnati kuma kada ta ji na kama iyaye ta ɗauka ta tsira. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna a rahotonsa na 2018 cewa mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya ke ta'ammali da ƙwaya. A shekarar ce BBC ta fito da fim ɗinta kan kodin, aka ga matasa ɗaure da sarƙa a wata cibiya a Kano, gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi. A Nuwamban 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto bayan ta ziyarci wurare 28 a jihohi 8 da nan Babban Birnin Tarayya, ta ce ta ga ana ɗaure mutane a cibiyoyin Musulmi da na Kirista da na masu maganin gargajiya, har da na gwamnati kanta. A lokacin likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba a ƙasar da ke da mutum wajen miliyan 200. To ka rufe gidan mari a gaban kyamara, ka miƙa wa uwa ɗanta da ke dukanta, ka shiga mota ka tafi. Ina kake so ta kai shi? Shi ya sa har yau a majalisa mutum uku ke da kwatance a aljihu. Wasu ma ba sa kai wa ko'ina, a gida suke ɗaurewa, kamar yaron nan na Birnin Kebbi da aka gano a Agustan 2020 an ɗaure shi tare da dabbobi. Haka muke yi wa tsofaffinmu da gigin tsufa ya kama, mu kulle su a ɗakin baya muna alfahari cewa mu ba Turawa ba ne da ke kai iyayensu gidan gajiyayyu. Wannan zance ne na wata rana.

Doka dai akwai ta. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawa. Tun 2015 kuma akwai dokar hana cin zarafin mutane da ke aiki a nan Abuja, wadda ta haramta tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba. Ma'ana, abin da na yi wa ɗan ƙanwata laifi ne ko a idon hukuma. Amma takarda ba ta kwance mari, sai an samu mai zuwa ya duba.

Ban ce asibiti aljanna ba ce. Akwai layi, akwai tsadar magani, akwai ranar da za ka je a ce likita bai zo ba. Amma daga Kwali zuwa asibitin koyarwa na Gwagwalada tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Akwai sashen masu wannan lalura a babban asibitin Karu. In ma gidan ake so, ga asibitin Barnawa a Kaduna, ga Dawanau a Kano, ga na Kware a Sakkwato. Kuɗin motar da muka kashe da na abincin wata shida da na "sadakar malam", da mun haɗa su da sun kai yaronmu gaban likita sau da yawa. A ƙarshe ma can muka kai shi, bayan mun gama ɓata masa ƙafa. Yanzu yana gyaran babur, ya yi aure, amma ko a zafin watan Maris ba ya cire safa.

Wanda kuma ya ce shi lallai sai ya kai ɗansa wata cibiya, ko ta malam ce ko ta gwamnati ko ta masu kuɗi mai fenti da fanka, to ya shiga ɗakin kwanan da ƙafarsa kafin ya biya ko sisi. Ya ga banɗaki, ya ga tukunya, ya tambayi wane likita ke zuwa kuma yaushe. Ya dubi idon sawun waɗanda ya tarar. Idan aka ce masa babu ziyara, ya kama hannun ɗansa su juyo.

Na je na sami dattijon nan a gidansa shekaranjiya, na ce, "Alhaji, ka ba ni yaron nan ranar Litinin in raka ku Gwagwalada, kuɗin mota a wuyana." Ya yi shiru, ya ce zai yi shawara da uwar yaron. Na kuma roƙi limaminmu ya taɓo zancen a huɗubar Juma'a, ya ce in rubuto masa abin da na sani. Da na gama wannan zan buga masa kwafi a shagon kwamfuta in kai masa.