TAMBAYA RABIN ILIMI: Farin Ruwan Da Aka Zuba Wa Akawu

Cikin wasiƙun da suka iske mu makon nan akwai ta wani akawu daga Jos, wanda ya roƙe mu kada mu buga sunansa, mun kuwa yarda. Ya ce wani Bature injiniya da suke aiki tare ya kira shi cin abincin dare a gidansa. Da aka ƙare ci, sai uwargidan ta ɗauko waɗansu jajayen 'ya'yan itace da ɗanyen ganye, ta daddaka su a gaban idonsa, ta matse lemon tsami, ta zuba sukari da ƙanƙara, sa'an nan ta tsiyaya wani farin ruwa daga kwalba. Ya shinshina, bai ji kome ba sai ƙanshin na'ana'a. Ya sha tambulan ɗaya, ya ji daɗi, aka ƙara masa. Da ya miƙe zai yi sallama sai ya ga ɗaki yana juyawa. Yanzu yana tambaya, mene ne ya sha, kuma yaya za a yi abin da aka haɗa da 'ya'yan itace da ganye ya bugar da mutum?

To, Malam Akawu, mun gode da ba ka ɓoye ba, don ba kai kaɗai ne wannan ya taɓa samu ba. 'Ya'yan itacen nan da ganyen ba su da laifin kome. Mai laifin shi ne farin ruwan da aka tsiyaya daga ƙarshe, kuma bisa ga kwatancinka, ba mu shakkar cewa ita ce barasar nan da ake kira bodka.

Bodka abin shan mutanen Rasha da Folan ne, har yau kuwa ba su daina gardama ba game da wanda ya fara yin ta. Sunan ya fito daga kalmarsu ta ruwa, ma'anarsa ɗan ruwa. A Folan an sami kalmar a rubuce cikin takardun shari'a tun shekarar 1405. Da hatsi a kan yi ta, alkama ko wani danginta da ke jure sanyi, waɗansu kuma da dankalin Turawa. A kan bar hatsin ya yi tsami kamar yadda masu burukutu ke yi, sa'an nan a dafa, a tare tururin, a mai da shi ruwa, a maimaita har ya zama kusan zallar barasa. Bayan haka sai a tace da gawayi, a sirka da ruwa har ƙarfinta ya sauko wajen kashi 40 cikin 100. Wannan tacewa ita ce ke raba ta da launi da yawancin wari. Burukutu da bammi tun daga nesa suke shelar kansu, amma bodka cikin kwalba sai ka rantse ruwan rijiya ne.

Da yake ba ta da wani ɗanɗano nata sai zafi a maƙogwaro, mutanen ƙasashen nan suka saba jiƙa mata abubuwa a gida. A Folan magidanci ya kan cika kwalba da 'ya'yan itacen lambunsa, ya zuba sukari da bodka, ya toshe, ya ajiye cikin duhu makonni ko watanni, kamar dai yadda a kan yi tsimi a nan. Suna da wata kuma da a kan sa wa wata ciyawa mai ƙanshi wadda ɓaunan dajinsu ke ci, ana kiranta Żubrówka, su kan sha ta da ruwan tuffa.

Amma wanda aka yi maka, wanda a kan haɗa nan take a sha, al'adar Amurka ce, suna kiransa koktel. Wata jarida ta jihar New York ta bayyana ma'anar kalmar a 1806, ta ce barasa ce da sukari da ruwa da ɗan abu mai ɗaci. Bodka ba ta sami shiga sosai a can ba sai wajen 1941, sa'ad da aka fara haɗa ta da lemon citta da lemon tsami a birnin Los Anjelis, ana ba da ita cikin moɗar tagulla. Daga nan ta bazu, don masu haɗawa sun gane duk abin da aka zuba ta ciki, ɗanɗanon abin ne zai fito, ba nata ba.

Ga yadda su kan yi shi a gida, mun kawo ne don mai karatu ya gane shi in ya gani. Da fari a kan narka sukari da ruwa, awo ɗaya na wannan, awo ɗaya na wancan, a bari ya huce. A zuba 'ya'yan itace huɗu ko biyar cikin wani gwangwani mai murfi, tare da ganyen na'ana'a ko ɗoɗɗoya kamar shida, a danne su da 'yar taɓarya. A ƙara cokali ɗaya na ruwan sukarin, da ruwan rabin lemon tsami, da bodka wajen mililita 50, watau babban cokali uku da ɗan ɗori. A cika da ƙanƙara, a rufe, a girgiza da ƙarfi, a tace cikin tambulan, a ƙarasa cikawa da soda, a tsoma ganye ɗaya bisa don ado. Ku dubi aikin kowane ɗaya. Sukari ya rufe zafin, tsami ya rufe gardin sukari don kada ya ginshi mai sha, sanyi ya kashe harshe, ganyen da ke bisa kuwa shi hanci ke fara cin karo da shi. Ina ƙofar da ta rage wadda barasa za ta bayyana kanta?

Yanzu sai lissafi, tun da yake akawu muke yi wa magana. Mililita 50 na abin da ƙarfinsa kashi 40 ne, ya ba da mililita 20 na zallar barasa. Ƙaramar kwalbar giya mai mililita 330, mai ƙarfin kashi 5, abin da ke cikinta mililita 16 da rabi ne. Ashe tambulan ɗaya na wannan jan ruwa mai daɗi ya ɗara kwalbar giya. Kai kuwa biyu ka sha, watau mililita 40, kusan kwalba biyu da rabi ke nan, ga mutumin da bai taɓa kai ta baki ba. Wannan ma in uwargidan ta auna ke nan. A gida sau da yawa da ido a kan zuba, ido kuwa ya fi ma'auni kyauta. Ka gode wa Allah da ba ka hau babur ba a daren.

Game da hukunci, ba mu da abin da za mu koya wa malamai masu karanta wannan shafi. Aya ta 90 ta Suratul Ma'ida sananniya ce, kuma an san sirki ba ya halatta abin da ke bugarwa, ko da zuma aka sirka shi. An san kuma wanda ya sha bisa rashin sani ba ɗaya yake da mai ganganci ba. Ka tafi wurin malamin unguwarku ya warware maka sauran.

Amma ba za mu wanke ka sarai ba. Masu gidan sun yi sakaci da ba su tambaye ka ba, kai ma ka yi naka da ka ga an ɗauko kwalba ka yi shiru. Mun san kunya ce, irin ta baƙo a gidan babba. Sai dai ka sani, a wurinsu ba abin kunya ba ne mutum ya ce ba ya sha, ba kuwa za su ji haushi ba. Kada ka tambayi sunan abin, don za a faɗa maka wani suna mai daɗi wanda ba zai ƙara maka sani ba. Tambayi kai tsaye, akwai barasa ciki? Wannan tambaya ita ce kuma ta dace da kwalaben nan na saiwoyi da sassaƙe da ake tallarsu a tasha da sunan maganin basir ko ciwon baya, gama waɗansunsu cikin barasa aka jiƙa su.

Tun da ka ce daɗin abin bai fita bakinka ba, to, daɗin nan ba na bodka ba ne, kuma kayansa suna ƙofar gidanka. Jajayen 'ya'yan nan, in ba mu yi kuskure ba, su ne sitiroberi, waɗanda ake nomawa a tudun Jos. In babu su, mangwaro ko abarba ko kankana sun isa. A bi yadda muka faɗa a bisa, amma a maimakon farin ruwan a zuba ruwan zoɓo mai kauri wanda aka dafa da citta da kanumfari, shi zai ba da ɗan zafin nan a maƙogwaro. Turawa ma suna yin irin wannan marar barasa, suna kiransa moktel, kana iya roƙonsa da sunan in an sake kiranka. Abu biyu za a kiyaye. Ganyen danne shi a kan yi a hankali, in aka kirɓa shi kamar kayan miya sai ya yi ɗaci. Sa'an nan a haɗa daidai wanda za a sha a ranar, don ruwan 'ya'yan itace mai sukari in ya kwana biyu cikin zafi ya kan fara tsami da kumfa da kansa, ya kama hanyar abin da aka guda.

Malamin makarantar da ya rubuto daga Katsina yana tambayar asalin shayi, ya yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.