Turmin Shekara Shida: A Rufe Shi Tun Bai Yi Kogo Ba

Iyaye, ku leƙa bakin yaronku mai shekara 6. Can ƙurya, bayan haƙoran nono, za ku ga turmi babba ya fito, sama da ƙasa. Da yake babu haƙorin da ya faɗi kafin fitowarsa, da yawa kan ɗauka shi ma zai famfare ne. Ba haka ba ne. Na dindindin ne, idan ya lalace babu wani a bayansa.

Saman turmin nan na da ramuka da tsagogi siraran da buroshi ko asuwaki ba sa kai wa ƙarshensu. Nan alawa, biskit da zaƙin lemon kwalba ke maƙalewa. Ƙwayoyin cuta su ci sukarin, su fitar da tsami mai cinye haƙori. Abin da muke kira tsutsar haƙori ke nan.

Likitocin haƙori na da wani shafi mai suna silant da suke toshe tsagogin da shi. A wanke haƙorin, a busar, a shafa, a haska wata fitila ya daskare. Babu allura, babu huda. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce yana hana kusan kashi 80 cikin 100 na kogon turame a shekaru biyu na farko. Lokacinsa shi ne da zarar turmin ya gama fitowa, sai kuma a shekara 12 idan na biyu ya fito.

Amma saman haƙori kawai yake karewa, kuma yakan ɓantare, don haka a riƙa komawa ana dubawa. Akwai kuma fentin fuloraid da likita ke shafa wa dukkan haƙora. A gida, a goge baki safe da dare da man da ke da fuloraid, a tofar, kada a kurkure.

Mazauna Fatakwal, akwai sashen haƙori a asibitin koyarwa na Jami'ar Fatakwal. Na Inugu ku nufi na Ituku-Ozalla, na Anacha kuma na Nnewi bai yi nisa ba. Ku tambayi farashi tukuna, ku kwatanta da kuɗin ciko ko cirewa da kwanakin makarantar da yaro zai rasa.

Kada a jira sai yaro ya kwana yana kuka, a hau dangwala kanumfari. Kanumfari na rage zogi, ba ya toshe kogo.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.