Sharhinmu: Alkawari Kaya Ne



A ƙarshen watan Afrilun 2025 ne Ministan Ilimi na Tarayya, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa gwamnati ta daina tura sababbin ɗalibai ƙasashen waje a ƙarƙashin yarjejeniyar ilimi tsakanin Nijeriya da ƙawayenta, shirin da aka fi sani da BEA. Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya ta daɗe tana gudanar da shi tare da ƙasashe irin su Rasha da Sin da Maroko da Aljeriya da Masar. Ƙasar da ta karɓi ɗalibi ita ke ɗaukar kuɗin makarantarsa, Nijeriya kuwa ta biya kuɗin jirgi da alawus ɗin da zai ci abinci, ya rufa wa kansa asiri. Hujjar Minista ita ce, da yawa daga cikin fannonin da ake zuwa karantawa akwai su a jami'o'inmu, kuma abin da ake kashe wa 'yan ƙalilan zai amfani jama'a masu yawa a gida. Ya kuma yi alkawarin cewa waɗanda suka riga suka tafi za a riƙe su har su kammala.

Mun san abin da wasunmu suka ce da labarin ya iso ofishin malamai: ina ruwanmu da masu cin dala? Tambayar tana da dalili. A 2024, bayan ɗaliban sun shafe watanni ba a biya su ba, an zaftare alawus ɗinsu na wata daga dala 500 zuwa dala 220. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, abin da ya rage ɗin ma ya kai naira 330,000, ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 fiye da sau huɗu. To amma ɗalibin da ke cikin hunturun Mosko ko gidan haya a birnin Rabat ba shi da gonar gado, ba shi da kawun da zai aiko masa da tiyar gero, ba shi da mai shagon da ya san mahaifinsa balle ya ba shi bashi. Mu da muka san ɗacin jiran albashi da ƙarin girman da ke tsayawa a takarda, mu ne ya fi kamata mu ji zafinsa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Gwamnatin da ta saba da saɓa wa ɗalibi a Rabat, ba za ta ji nauyin saɓa wa ɗan fansho a Rabah ba.

Tarihin sana'armu ma ya ishe mu shaida. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934, kuma a 1948 gwamnati ta ɗauki nauyinsa zuwa Ingila don nazarin mulkin ƙananan hukumomi. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malamin makaranta aka tura shi Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi sahu a 1946, kuma daga wannan tafiya ce ya zo da himmar kafa ƙungiyar malaman Arewa. Dukansu an zaɓo su ne daga bakin aiki, an san abin da aka aike su nema, sun kuma dawo sun yi wa jama'a aiki da shi. Wannan shi ne ma'aunin da ya dace a auna kowane irin tallafi da shi.

Da wannan ma'auni, Minista yana da gaskiya a wani ɓangare. Babu hikima a tura yaro ya karanta Ingilishi a ƙasar da ba ta magana da shi. Sai dai gyaran ɗaki ba ya buƙatar rushe gida. Duk wanda ya ga ambaliyar 2010 da ta biyo kogin Rima ta shafe gonaki da gidaje ya san madatsar ruwa ta Goronyo tana buƙatar ƙwararrun injiniyoyi. Shinkafa da albasa da tafarnuwar fadamun Wurno suna buƙatar masana noman rani da adana amfani, asibitocin ƙauyukanmu suna jiran likitoci. Idan wata ƙasa ta fi mu a waɗannan fannoni, kuma ta yafe mana kuɗin makaranta, hankali bai ce a juya mata baya ba.

Akwai kuma abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Kafin a rufe shirin, ana neman wannan tallafi ne ta intanet, da sakamakon WAEC ko NECO mai daraja, sannan a zauna jarrabawa a kan kwamfuta. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: yara nawa daga Magarya da ƙauyukan da ke kewaye da ita suka taɓa isa wannan mataki? Yaron da ya gama aji shida bai iya karanta jimla ba, tun a aji biyu aka rufe masa ƙofar Rasha, a ajin da yake zaune a ƙasa babu littafi. Bashin karatu na NELFUND da aka soma a 2024 taimako ne, amma sai wanda ya kai babbar makaranta yake samu.

Saboda haka muna kira ga uwar ƙungiyarmu a jiha da ƙasa da ta matsa a kan abu uku. Na farko, a biya ɗaliban da ke waje duk bashin da suke bi, a riƙa biyan su a kan kari har su dawo. Na biyu, a bayyana wa jama'a nawa aka tsimi daga rufe shirin da inda aka kai kuɗin, a kuma ware kaso domin firamare da horar da malamai a kwalejoji irin su Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Na uku, duk ranar da aka sake buɗe shi, a taƙaita shi ga fannonin da muke da ƙarancinsu, a yi shelarsa da Hausa a rediyo, a sanya sharaɗin dawowa aiki a gida, a kuma ba malaman aji nasu gurbin.

Mu ma akwai alkawari a wuyanmu, wanda muka ɗauka ranar da muka karɓi takardar kama aiki. Mu zo a kan lokaci, mu tabbatar kowane yaro ya iya karatu da rubutu kafin ya bar aji uku. Iyaye kuma a daure a bar yara, mata da maza, su zauna a aji ko a lokacin girbi. A ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance, neman ilimi gado ne, kuma mu ne masu riƙon amanarsa. Allah Ya ba mu ikon saukewa, Ya dawo da 'ya'yanmu lafiya, amin.

Edita