Fitila A Jikin Ƙaramin Jirgin Sama Na Rediyo

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da abin sha'awarsu shi ne ƙera ƙananan jiragen sama da katako marar nauyi ko soso, su tsaya a fili suna tuƙa su da na'urar rediyo. Wasan ya daɗe, domin tun a 1937 waɗansu tagwaye 'yan Amurka, Walter da William Good, suka tashi irin wannan jirgi. Amma shekaru da yawa da rana kaɗai a ke yinsa. Da magariba ta kawo jiki sai kowa ya tattara kayansa, domin ƙwan lantarki irin na da yana da zafi da cin batir, jirgin kuwa ba ya iya ɗaukar babban batir.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne 'yar fitilar nan da a ke kira LED. Nick Holonyak ya ƙera mai jan haske a 1962, mai farin haske kuwa ba ta shiga kasuwa ba sai 1996, bayan masana uku na Japan sun gano yadda a ke samun shuɗin haske, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Ba ta kai ƙwayar wake girma ba, ba ta zafi sosai, wutar da ta ke sha kuma kaɗan ce.

Da yawa sun ɗauka ado ne a ke yi wa jirgin. To, ado ma yana ciki, amma ainihin aikin fitilun ya fi haka. Matuƙin wannan jirgi yana ƙasa, ba shi da abin dogara sai idonsa. Idan jirgin ya juyo ya fuskance shi, hagun jirgi ya zama damansa, wannan kuwa yana rikita sabon hannu ko da rana tsaka, balle cikin duhu. Wanda ya kasa gane inda hancin jirginsa ya dosa na daƙiƙa biyu ko uku, ya rasa shi ke nan. Farfela mai juyawa kuwa idan ta faɗa cikin 'yan kallo, ba wasa ba ne.

Saboda haka masu hankali kan bi tsarin da manyan jiragen sama suka gada daga jiragen ruwa, watau ja a fiffiken hagu, kore a na dama, fari a wutsiya. Idan mutum ya hango ja a damansa, ya san jirgin wajensa ya nufo. Waɗansu kan ƙara wani launi dabam a cikin jirgin, wanda ba irin na bayansa ba, don su san ko ya kife. Wanda ya lulluɓe jirginsa da launi guda, kome kyansa a ƙasa, in ya yi nisa sai ya koma ɗigon haske marar gaba marar baya.

Sai maganar wuta, wadda nan ne a ke yawan tafka ɓarna. Jar LED tana son wajen bolt 2 da miliamfiya 20, na'urar da ke karɓar umurnin rediyo a cikin jirgin kuwa yawanci bolt 5 ta ke aiki da shi. Dole a sa rizista ta shanye ragowar bolt 3, lissafi kuwa ya ba da mai om 150. In ba haka ba fitilar ta ƙone nan take. Fitila uku ko huɗu ba kome, amma in suka kai ashirin, ko aka ɗauko irin mai zare mai bolt 12, ba a haɗa su da wannan na'ura. Ƙananan injinan da ke juya fukafukai daga nan su ke shan wuta, in ƙarfinta ya faɗi na'urar kan ɗauke, jirgi ya daina jin magana alhali fitilunsa na ƙyalli. A ja musu waya daga babban batir mai ɗaki uku, wanda ke ba da bolt 11.1, ko a ba su nasu batirin.

Nauyi ma abin lura ne. Galibin waɗannan jirage kan daidaita ne a wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba. Wutsiya tana da nisa daga wurin, don haka 'yan giram na waya da dalma a can kan rinjayi hanci, jirgi mai nauyin baya kuwa ba ya tuƙuwa. Bayan an gama liƙi sai a ɗora shi bisa yatsu biyu a sake aunawa, a matsar da batir gaba in da bukata.

Tashin farko da fitila gara a yi shi da almuru, sa'ad da ido ke iya ganin jikin jirgin da fitilunsa tare, a filin da mutum ya san bishiyoyinsa da wayoyin lantarkinsa tun da rana.